Tanderun Inna Binta

Muhibbat ta ƙanƙame kwalin a cinyarta, ta lulluɓe shi da gefen hijabi, ta sake ce wa mai adaidaita ya bi a hankali. Shi kuwa tun da suka baro kasuwar Tarauni bai ga ramin da ya ƙi faɗawa ba. Marka ake yi, ruwan ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, labulen ledar da ke gefe sai kaɗawa yake yana watso musu feshi.

"Hajiya, wai mene ne a kwalin nan yake ta tsuwa?" in ji mai adaidaitan.

"Naman biki ne."

Ya waiwayo ya dubi kwalin, ya mayar da ido kan titi. "To, wannan naman da sauransa."

'Yan tsaki ne guda hamsin, ƙyanƙyasar jiya, irin na gidan gona masu saurin girma. Autarta Fiddausi za a aurar nan da wata biyu. Ranar da dangin maigidanta suka taru rabon hidimar biki, ƙanwarsa ta ce ita za ta kawo kaji daga wurin masu firiza. Muhibbat, wadda Allah ya hore wa baki fiye da haƙuri, ta ce a bikin 'yarta ba za a ci kazar da ta kwana a ƙanƙara ba, kaji a bar mata, da hannunta za ta kiwata su. Mata suka yi shewa, suka ce an bar mata. Sai da ta dawo gida ta cire mayafi sannan ta tuna ko kazar Hausa ba ta taɓa ajiyewa ba. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Mai sayar da tsakin ya ja mata kunne kafin ya miƙo kwalin. Ya ce waɗannan su ne na ƙarshe, wani zubin sai bayan wata guda, kuma wanda aka saya a lokacin ba zai isa yanka ba kafin biki. "Abu ɗaya ne sirrinsu, Hajiya, ɗumi. Ba su da uwa, ƙwan lantarki ne uwarsu. In sanyi ya kama su a makon farko, da tsintsiya za ki kwashe su. Kuma ban da hayaƙi, shaƙe su yake yi." Ta ce masa kada ya damu. Tun shekaranjiya ta share sito, ta baza ɓuntun shinkafa, ta sa mai gyaran wuta ya rataya mata ƙaton ƙwai dab da ƙasa.

Suna shiga layinsu a Gyaɗi-Gyaɗi ta ga maza sun fake a rumfar mai kanti, kowa ya ɗaga kai yana kallon taransifoma kamar masu duban wata. Ta sauka da sauri ta nufi gida.

A soro ta tarar da maigidan, Malam Habibullah, yana zaune da rediyonsa mai batir. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ba shi da aikin da ya fi jin labarai da tsokanar matarsa.

"Sannu da zuwa, uwar marayu."

"Malam, ina wuta?"

"Ɗazu ta yi ƙara, ta yi tartsatsi, ta yi sallama da mu. An ce sai unguwa ta yi karo-karo."

"Zuwa yaushe ke nan?"

"Wancan karon dai har muka manta inda makunni yake."

Ta wuce sito, ta buɗe kwalin, ta juye su a kan ɓuntu. Wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne ruwan ɗorawa, masu laushi, kowanne bai cika tafin hannu ba. Ba su kula tsakin masarar da ta zuba ba, ba su kula ruwa ba. Suka ruga kusurwa suka cure, na baya yana hawa kan na gaba, suna wani kuka siriri mai shiga har cikin haƙori. Ƙaton ƙwan yana reto a samansu, ba shi da amfanin komai.

Ta aiki Malam wurin mai gawayi, ya ɗauki lema ya fita yana cewa shekara talatin yana aiken yara, yau ga shi 'yan tsaki sun aike shi. Ita kuwa wata dabara ta faɗo mata. A cikin kayan ɗakin Fiddausi akwai filas-filas na ruwan zafi, manya, sababbi dal a kwalayensu. In ta cika su da tafasasshen ruwa ta jera a tsakiyar tsakin, ai an gama.

Kayan suna jibge a ɗakin da ke ƙurya, wanda a da shi ne ɗakin kwananta. Tana tura ƙofar wani ɗumi ya daki fuskarta, ta ja tsaki. Bayan bangon nan gidan Inna Binta ne mai gurasa, kuma shekara biyu da suka wuce, da magadan gidan suka yi rabon gado aka raba tsakar gida, Inna Binta ta dawo da tanderunta ta jingina shi da wannan bangon. Daga ranar ɗakin Muhibbat ya tashi daga ɗaki. Da bazara man shafawarta narkewa yake a kan madubi, in ta kwanta sai ta ji kamar ita ce gurasar. Ta yi magana ta katanga, aka mayar mata ta katanga, magana ta yi tsawo har ta kai ga ambaton iyaye. Ta kwashe gadonta ta koma falo. Da Malam ya tuna mata Musulmi ba ya gaba fiye da kwana uku, sai ta samo mafita: duk kwana uku takan tsaya a tsakar gida ta ce "sannunku" da ƙarfi, tana kallon igiyar shanya. Daga can a amsa "yauwa", ana kallon tukunya.

Makon jiya dai ta yi nasara. Ta kai ƙara gaban Mai Unguwa, ya zo da kansa ya dafa bangon, ya yanke cewa a rushe tanderun a mayar da shi wani gefe, kuma ya sa yau ce ranar.

"Yau dai ƙarshenka," ta ce wa bangon, ta kinkimi filas huɗu ta fita.

Ta tafasa ruwa a gas, ta cika su, ta toshe, ta jera a sito. Ta ɗebo tsakin da hannu biyu ta tura su jikin filas ɗin. Suka tsaya kaɗan, suka koma kusurwarsu suka ci gaba da kuka. Ta sake ɗebo su, suka sake komawa. Tana cikin yi musu faɗa Malam ya dawo, wandonsa jiƙe har gwiwa, riƙe da baƙar leda tana ɗiga. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya sunkuya ya dafa filas ɗaya.

"Hajiya, wannan wane iri kika saya wa yarinyar?"

"Mai kyau ne. Sai ruwa ya kwana biyu a ciki bai huce ba."

"To, ai shi ya sa. Rowar zafi ce sana'arsa."

Ta dafa ita ma. Sanyi ƙalau, har ya fi ƙasan sanyi. Dariya ta so ƙwace mata, ta danne, don ba ta son Malam ya samu abin ba da labari a masallaci.

Gawayin da ya kawo sharkaf yake, buhunan mai gawayin duk ruwa ya shiga. Suka zuba a kurfoti a bakin kicin, Malam yana fifita tana hurawa, ba abin da ya tashi sai farin hayaƙi mai sa hawaye. Suka haƙura. Ta juye ruwan filas ɗin a jarkoki biyu na roba, ta naɗe su da tsofaffin zannuwa, wannan kam ya yi aiki: tsakin suka manne wa jarkokin, kukan ya ragu. Sai dai jarka biyu ba ta isar wa hamsin, kuma kafin a yi sallar azahar sun huce. Ta ɗora wani ruwan, wutar gas ta yi shuɗi, ta yi ja, ta mutu. Ta girgiza tukunyar, ba komai.

Da ta koma sito ta tarar da ɗaya a ƙarƙashin 'yan uwansa, sun danne shi, ya miƙe ƙafa. Wani kuma yana layi, ido a lumshe. Ta ɗauki mai layin ta zura shi cikin rigarta, ta ji ɗan ƙirjinsa yana bugawa a jikin fatarta. A nan ne tsoro ya kama ta sosai. Ta daina tunanin ƙanwar Malam da shewar mata. Tausayi ne ya cika ta, na 'yan abubuwan da ta rabo da inda suke ta kawo su ɗaki mai sanyi saboda ta iya magana.

Kamar abin bai isa ba, kwanon siton ya fara yoyo daidai kusurwar da suka taru.

"Malam, riƙe mini ƙofa."

Ta mayar da su kwali da sauri. Falo a cike yake da gado da kujeru, ga iska tana shigowa ta taga. Wurin da ya rage a bushe, mai ƙofar da ke rufuwa ruf, ɗakin ƙurya ne kawai. Ta ture akwatunan Fiddausi gefe, ta shimfiɗa buhu, ta juye su a tsakar ɗakin, ta ja ƙofa, ta koma kwaso ɓuntun da bai jiƙe ba.

Ta ɗan jima tana tsince busasshen daga jiƙaƙƙen. Tana dawowa da kwando a hannu ta tsaya cak a bakin ƙofa. Shiru. Tun daga Tarauni kukan nan yake cikin kunnenta, yanzu babu shi. Ta ce innalillahi a ranta, ta tura ƙofar a hankali.

Ba kowa a kan buhun. Suna can jikin bango, sun yi sahu tun daga wannan kusurwa har waccan, ba mai hawa kan wani. Wasu sun kwanta sun baje fukafukai, sun miƙe wuya a ƙasa suna barci. Biyu sun taso suna tsattsagar zaren buhu. Muhibbat ta durƙusa ta dafa bangon da tafin hannu. Ɗumi ne mai daɗi, ba mai ƙuna ba, irin na jikin mutum. Ta ciro na cikin rigarta ta ajiye shi a sahu, ya yi taga-taga, ya gyara, ya lafe.

Malam ya leƙo ta saman kafaɗarta. Wannan karon bai yi tsokana ba, ya dai ce, "Ikon Allah. Ashe da safe Binta ta yi gashin bankwana."

Bai rufe baki ba suka ji dum daga bayan bangon. Ƙasa ta ɗan zubo daga sama. Tsakin suka zabura. Aka sake, dum.

Muhibbat ta dubi Malam, Malam ya dubi silin.

"Ka je ka ce su dakata."

"Ni? Ai ba ni na kai ƙara ba. Ni shaida ma ban yi ba."

"Malam."

"Hajiya, ƙafar da ta je gidan Mai Unguwa ita ta san hanyar gidan Binta."

Gidajen bayansu ɗaya, amma ƙofa da ƙofa sai an zagaya ta wani lungu. Ta zura silifas, ta fita ko lema ba ta ɗauka ba. Tafiyar ba ta da nisa, amma ta ishe ta ta shirya magana kala uku ta watsar. Ta yi sallama a soron da rabonta da shi shekara biyu, ba ta jira amsa ba ta shige.

Tanderun yana ƙarƙashin rumfar kwano: manyan tukwane uku na ƙasa, an binne su a cikin dandamalin laka, bakinsu a sama. Auwalu birkila ya riga ya ɓantare gefen na farko, ya ɗaga guduma zai ƙara. Inna Binta tana zaune a kujera 'yar tsugunno, ta naɗe hannu, tana kallon aikin da idon da ake kallon fitar gawa.

"Auwalu, tsaya," in ji Muhibbat.

Ya tsaya da guduma a sama. Inna Binta ta juyo a hankali, ta dube ta daga silifas har hijabin da ke ɗiga.

"Yau ba ranar sannunku ba ce, maƙwabciya. Sai gobe."

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. An zo duba aiki? Ga shi ana yi. Ruwa ne ya tsayar da shi, ba ni ba."

"Inna, so nake a bar shi."

"A bar wa?"

"Tanderun."

Inna Binta ta sa ɗan yatsa ta goge kunne. "Auwalu, ci gaba. Hukuma ta yi magana, ni ba na saɓa wa hukuma."

Dole Muhibbat ta faɗi komai, a tsaye, ruwa yana bin bayanta: alkawarin da ta ɗauka gaban dangi, da taransifoma, da gawayi, da wanda ya mutu. Har filas ɗin ta faɗa, don ta ga in ba ta biya da wani abu ba ba za a saurare ta ba. A kan filas ɗin ne bakin Inna Binta ya fara rawa. Ta kawar da kai, kafaɗunta suka motsa, sannan dariyar ta fashe har da tari. Auwalu ya ajiye guduma ya taya ta.

Da ta lafa ta share ido da bakin zani. Sannan ta ce, ba da wasa ba, "Tukwanen nan na mahaifiyata ne. Wancan karon da ƙyar suka tsira, in an sake ciro su fashewa za su yi. Sababbi kuwa a markar nan sai su yi wata ba su bushe ba. Jiya ban runtsa ba."

Muhibbat ta sunkuyar da kai. Duk tsawon rigimar nan ba ta taɓa tambayar abin da ke bayan bangon ba, zafinsa kawai ta sani. Kunya ta rufe ta, ta ce, "Ki yafe mini, Inna."

"Sun ci abinci?"

"Wa?"

"Marayun naki."

"Sun fara tsattsaga."

"To, ki jiƙa musu ɗan sukari a ruwa, su da suka sha hanya." Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta zura hannu cikin tukunyar tsakiya. "Wannan ɗumin na safe ne, ba zai wuce magariba ba. In ana so bango ya kai asuba sai an sake hura wuta da la'asar. Ni kuma ba na ƙona itace a banza, in an hura sai an gasa. Kuma kafaɗata ta daina kwaɓi biyu a rana."

Ta faɗi haka tana kallon wata ƙatuwar roba da buhun fulawa a gefen rumfa. Muhibbat ta gane. Ta cire hijabin ta matse, ta rataya a ƙusa, ta naɗe hannun riga.

Auwalu ya ce to shi yanzu ina matsayinsa. Inna Binta ta ce matsayinsa ya kwaɓa laka ya mayar da abin da ya ɓantare.

Kwaɓin gurasa ba ɗinkin hula ba ne. Kafin ƙullun ya yi laushin da Inna Binta ke so, Muhibbat ta ji kafaɗunta kamar ba nata ba, kuma duk wanda ta miƙa sai a danna shi da yatsa a ce saura. Suna jiran ya tashi Inna Binta ta ce, "Ni dai Malam bai taɓa gaba da ni ba. Duk Juma'a sai ya aiko an saya masa."

Muhibbat ta tsaya. "Gurasar Juma'a? Ai daga Jakara yake sayo ta."

"Haka ya ce miki?"

"Har cewa nake ta cikin gari daban ce, ba irin ta wasu ba."

"Ana jiyowa ta katanga," in ji Inna Binta.

Bayan la'asar ruwan ya koma yayyafi. Mai Unguwa ya taho da lemarsa da carbinsa don ya ga ko an zartar da abin da ya yanke, domin shi mutum ne mai son ya ga ƙarshen magana. Tun daga bakin lungu ya hango hayaƙi yana tashi daga inda bai kamata ba. Ya yi sallama, aka ce ya shigo. Ya tarar da birkila yana shafe gefen tanderu da sabuwar laka, ga wata mata ta duƙa a bakin tukunya, ta ba shi baya, tana fifita wuta da faifai iya ƙarfinta.

"Binta, ashe ba za ki ji magana ba? Baiwar Allahn nan maƙwabciyarki ta zo gabana har da hawaye, ta ce kin mayar mata da ɗaki gidan burodi."

"Ga ni nan, ranka ya daɗe," in ji Inna Binta daga kan kujerarta a gefe.

Mai fifitar ta ɗago. Fulawa har gira, ido ya yi ja da hayaƙi. Ta rusuna.

"Ina wuni, ranka ya daɗe."

Mai Unguwa ya dube ta, ya dubi bangon, ya sake dubanta. Ya ja carbi biyu kafin ya samu abin cewa.

"Hajiya Muhibbat, ba ke ce mai ƙara ba?"

"Ni ce. Alfarma nake nema, a ɗaga mana zuwa mako uku, sai sun yi gashi."

"Su wa?"

"Baƙi ta yi," in ji Inna Binta. "To, maƙwabciya, bayan mako ukun fa? Auwalu ya dawo da gudumarsa? Gara in sani, kada ya wahalar da laka."

Muhibbat ta gyara wani itace da ya zamo, ta tura shi can ciki, wajen da tukunyar ta jingina da bango.

"Bayan biki 'yan tsaki ɗari nake so in zuba," ta ce, ta ci gaba da fifita.